Neman Dangi a Ranar Lahadi: Lamarin Wata Uwa 'Yar Kaduna a Amurka

Zan kira ta Ladi. Ba sunanta na yanka ba ne, amma ranar Lahadi aka haife ta, kuma suna ne da ba ya tona asirin kowa, don a Arewa za ka sami Ladi a gidan liman, ka same ta a gidan fasto. Makaranta ɗaya muka yi a Kaduna, ina gabanta da aji uku, shi ya sa har gobe Yaya take ce mini. Da izininta nake rubuta wannan, bisa sharaɗin in sakaya garin da take zaune da sunan duk wurin ibadar da ta taka.

Mahaifinta Musulmi ne, Bazazzagi, ma'aikacin reluwe. Mahaifiyarta Kirista ce daga wajen Kafanchan, malamar asibiti, kuma 'yar Zumuntar Mata ta gasken gaske, irin waɗanda ba a taron suna ko makoki a unguwa ba tare da an gan su da ankonsu ba. A Kaduna ta shekarun 1970 da 1980, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, irin wannan aure ba abin da za a tsaya kallo ba ne. Ladi ta tashi tana zuwa Islamiyya da yamma har ta haddace izu biyu. Ranar Lahadi kuma, in uban ya bi jirgi zuwa Minna ko Kano, sai ta bi uwar coci, ta zauna gefenta tana rera waƙoƙin Hausa. Da Sallah uwar ce ke tuƙa tuwon gidan. Da Kirsimeti uban ne ke yanka akuyar, don kowa ya iya ci.

Sai ga rikicin Shari'a na watan Fabrairun 2000, wanda ya ci rayuka sama da dubu, ga kuma na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002. Daga nan kogin Kaduna ya zama iyaka. Musulmi suka tattara suka nufi Tudun Wada, Rigasa da Kawo, Kiristoci suka gangara Sabon Tasha, Television da Romi. Gida irin nasu Ladi bai da gefen da zai kwana da ido biyu rufe, sai suka koma Barnawa, inda har yanzu ake ɗan cuɗanya. Ta taɓa ba ni labarin ranar da samari suka tare motar da take ciki suna sa kowa ya karanto abin da zai nuna ko shi wane ne. Ta iya Fatiha, ta iya Addu'ar Ubangiji. Abin da ta tsaya yi shi ne duban fuskokin samarin don ta gane wacce suke son ji. Daga wannan rana, in ji ta, duk wanda ya tare ta a bakin ƙofa da tambayar me ta yi imani da shi, sai gabanta ya faɗi.

Aikin jinya ya kai ta jihar Maryland. Can ta auri wani Bature, mutumin kirki, wanda ya tashi a gidan Katolika amma ya daɗe da daina zuwa coci. Ba ya gaba da addini, bai dai damu ba ne. Suka haifi mace, suka haifi namiji. Kusan shekara goma Ladi ba ta shiga masallaci ko coci ba, kuma ba ta ji wani giɓi ba. Takan yi azumi 'yan kwanaki a Ramadan, takan rera waƙoƙin uwarta in tana tuƙi.

Abin da ya tayar da maganar

A 2020, ana tsakiyar kullen korona, mahaifiyarta ta rasu a Kaduna. Babu jirgi, babu hanyar zuwa. Ta waya ta kalli jana'izar, wani ɗan ƙanin uwar yana riƙe da ita, hoton na yankewa yana dawowa.

Duk wanda ya san zaman makoki a ƙasarmu ya san ba a barin mai rashi shi kaɗai. Tabarmi a ƙofar gida, mata cike da tsakar gida, kwanukan abinci suna shigowa daga maƙwabta ba tare da an roƙa ba, har sai ka gaji da amsa "ya haƙuri". Ladi ta yi nata zaman makokin a kan kujerar kicin, ita da waya. Abokan aiki sun aiko da kati da furanni. Ni kaina, da nake nisan tafiyar awa uku da ita, waya kawai na buga, kuma har yau abin yana damuna.

Bayan 'yan watanni aka aiko mata da fom daga makarantar 'yarta. Akwai layi biyu da ake rubuta sunan wanda za a kira in wani abu ya sami yaro kuma ba a sami iyayensa ba, da sharaɗin ya kasance na kusa. Ta riƙe biro ta yi shiru. Shekara goma a gari ɗaya, ba ta da mutum biyu da za ta rubuta ba tare da jin nauyi ba. A makon ne kuma yarinyar, tana da shekara bakwai, ta tambaye ta ina Kaka ta tafi.

Ta kira ni da daddare. "Yaya, ni fa ba Allah na rasa ba," ta ce, "mutane na rasa. Ina so yaran nan su taso suna da waɗanda za su kira Anti da Kawu. Amma ba na son inda za a ce musu ɗaya daga cikin kakanninsu ɗan wuta ne."

Ya kamata mai karatu na gida ya gane dalilin da ya sa neman mutane a Amurka yake bi ta ƙofar wurin ibada. A wurinmu unguwa ce ke ba ka jama'a. Ko ba ka zuwa jam'i, maƙwabcinka zai zo sunan ɗanka, matarsa za ta aiko a ara mata turmi. A unguwannin bayan gari na Amurka mutum daga cikin mota yake buɗe garejinsa ya shige, ya rufo, sai ka shekara ba ka san sunan na kusa da kai ba. Aikin da unguwa ke yi mana, coci da masallaci da majami'ar Yahudawa ne suka daɗe suna yi musu. To su ma ɗin suna ta raguwa. Cibiyar Gallup ta ce a 1999 kashi 70 cikin ɗari na Amurkawa suna da rajista da wani wurin ibada, zuwa 2020 abin ya faɗo kashi 47. Cibiyar Pew kuma ta nuna waɗanda ke cewa ba su da wani addini takamaimai sun tashi daga kashi 16 a 2007 zuwa kashi 29 a 2021. Har ta kai a watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a kan kaɗaici a matsayin matsalar lafiyar al'umma. Ke nan Ladi ba ita kaɗai ba ce. Iyaye da yawa da suka bar addinin gidansu sukan waiwayo da zarar sun haihu, suna neman taron ba tare da aƙidar ba.

Ƙofofin da ta ƙwanƙwasa

Da aka sassauta kulle, masallaci ta fara zuwa, wani na mutanen Afirka ta Yamma. Ranar farko da ta ji wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi ta ce mata "sannu da zuwa, 'yata" da Hausa, sai hawaye. Aka matsa mata wuri a sahu, aka ba yaran alewa, aka cika mata roba da waake. Ta sa yarinyar a makarantar ƙarshen mako. Mako biyu ta yi tana jin kamar ta koma gida.

A mako na uku aka zo tambayar da ba makawa sai an yi: maigidan ɗan ina ne, ya musulunta? Matar liman ta ja ta gefe, cikin ladabi da tausasawa, ta bayyana mata matsayin auren Musulma da wanda ba Musulmi ba. A nan dole in yi adalci. Matar ba ƙarya ta yi ba, abin da malaman mazhabobi huɗu suka tafi a kai ke nan, kuma a ganinta nasiha take yi wa 'yar'uwa. Ni ma Musulma ce, na san hukuncin. Abin da nake cewa shi ne an yi gaggawa. Matar da ta shigo da rashin uwa a zuciya, ba a ko yi mata ta'aziyya yadda ya kamata ba, aka fara da aurenta. Duk da haka ta ci gaba da zuwa. Abin da ya yanke zuwan shi ne ranar da yarinyar ta shigo mota fuska a kumbure, wai wata 'yar ajinsu ta ce tunda Kaka coci take zuwa, tana wuta. Maganar yara ce, ba malami ne ya faɗa ba. Amma Ladi ta ce yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan daga iska.

Sai ta gwada wani coci na 'yan Najeriya. Ta ce in ana maganar riƙe mutum, ba ta ga kamarsu ba. Ta cika katin baƙi ranar Lahadi, ranar Laraba mata uku suna ƙofar gidanta da kular dafa-duka. Ga kiɗa, ga rawa, ga yara bila adadin. Matsalar ta taso ne da faston ya ji sunan mahaifinta. Nan take ya ga shaida: tsohuwar Musulma daga Arewa da ta ga haske. Ya nemi ta tsaya gaban jama'a ta ba da labarinta, ga kyamara tana watsa sujadar kai tsaye a Facebook. Ladi ta tuna tsohonta a Barnawa, mutumin da ya yi shekara arba'in yana kai matarsa bakin coci a kan Vespa bai taɓa ce mata ta bar addininta ba, ta hango ranar da wani zai miƙa masa waya ya ce Baba, kalli 'yarka. Ba ta koma ba.

'Yan Quaker ba su ɗauki lokaci ba. Ɗariƙa ce da George Fox ya faro a Ingila a tsakiyar ƙarni na 17, kuma reshen da ta je ba su da fasto, ba su da huɗuba. Ana zama ne shiru kusan awa guda, wanda ya ji an motsa zuciyarsa ya miƙe ya yi magana ya zauna. (Abin mamaki, ƙasar da ta fi yawan 'yan Quaker a duniya yanzu Kenya ce, kuma na can da fastocinsu da waƙoƙinsu.) Ba wanda ya tambaye ta komai, ta ji daɗin haka. Amma yawancinsu dattawa ne, yara ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, ɗanta kuma mai shekara uku ba ya shiru na minti biyu. Ta je taron Zumunta, ƙungiyar 'yan Arewa mazauna Amurka da ta haɗa Musulmi da Kirista, ta sha Hausa ta ƙoshi, sai dai babban taron na shekara-shekara ne, ita kuwa abin kowane mako take nema.

Inda ta tsaya

Wata tsohuwar nas da suke aikin dare tare ce ta ce ta zo ta ga nasu wurin. Sunan ɗariƙar Unitarian Universalist, dogon suna mai wuyar faɗa, su kansu UU suke cewa. Da Ladi ta gaya mini, sai na shiga bincike, don ban yarda a kai mini ƙanwa inda ban sani ba.

Ɗariƙu biyu ne na Kirista suka haɗe a 1961, hedikwatarsu tana Boston. Na farkon, Yuniteriyan, sun ƙi aƙidar Triniti, suka ce Allah ɗaya ne, Yesu kuma mutum ne abin koyi. A kan irin wannan magana aka ƙona Michael Servetus a Geneva a 1553. A Amurka, huɗubar da ta fito da su fili William Ellery Channing ne ya yi ta a Baltimore a 1819, kuma cocin da ya yi ta yana nan tsaye. Na biyun, Yunibasalis, sun ce rahamar Allah ta fi ƙarfin a dawwamar da wani a wuta. Musulmi in ya ji na farkon zai ce ai waɗannan sun kusa. To kada ya yi saurin murna, don tafiya ta yi tafiya. Yau ba sa neman mamba ya yi imani da komai. A benci ɗaya za ka sami mai bin Yesu, da Bayahude, da mai zuzzurfan tunani irin na Buddha, da wanda zai gaya maka kai tsaye bai yarda akwai Allah ba. Abin da ya haɗa su alkawari ne na yadda za su zauna da juna. Daga 1985 suna da ƙa'idoji bakwai, na farkonsu darajar kowane ɗan Adam, a 2024 kuma babban taronsu ya kaɗa ƙuri'a ya sauya su da wasu ginshiƙai da aka sa ƙauna a tsakiyarsu. Addinin da ake gyara ginshiƙansa da ƙuri'a, ni dai ban saba ji ba. Majami'unsu sun kai kimanin dubu, mambobinsu manya ba su kai dubu ɗari biyu ba. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 330, cikin cokali ne.

Na bi ta sau ɗaya, a watan Satumba, don in gani da idona. Zaure ne mai manyan tagogi, babu gicciye, babu hoton kowa. Aka fara da kunna wuta a cikin wani ƙoƙo mai ƙafa, wanda shi ne tambarinsu. Wani mai zane ɗan Ostiriya, Hans Deutsch, ya zana shi a Lisbon a 1941 don takardun da ƙungiyar agajinsu ke ba masu gudun Nazi. Aka yi waƙa da fiyano, a sanyaye, irin wadda 'yan Zumuntar Mata za su ce ba a ci abinci ba. Aka kira yara gaba aka karanta musu labari, sannan suka wuce ajinsu. Sai wani sashe da kowa ke iya fitowa ya kunna kyandir ya faɗi farin cikinsa ko damuwarsa: wannan an yi wa matarsa tiyata, wancan jikarsa ta sami aiki, wata karenta ya mutu, kuma ba wanda ya yi dariya.

Ranar ta dace da bikin ruwa da suke buɗe shekararsu da shi, al'adar da ta faro a 1980. Kowane gida yakan zo da ɗan ruwa daga wurin da ke da muhimmanci gare shi, a zuba a babban kwano ɗaya. Wanda bai zo da nasa ba, akwai buta a gefe, ya tsiyaya ya faɗi ruwan ina yake nufi. Mutane suna ta ambaton tafkuna da bakin teku inda suka yi hutu. Da layi ya zo kan Ladi, ta kama hannun 'yarta suka ɗaga butar tare. Ta ce wannan ruwan kogin Kaduna ne, mahaifinta yana sallar Idi a wannan gefen, an binne mahaifiyarta a wancan. Ba ta ƙara komai ba. Turawan suka yi ɗan gunaguninsu na tausayawa, ba su san abin da ta faɗa ba. Ni da na sani, sai na sunkuyar da kai ina gyara mayafi.

Bayan an tashi aka shiga shan kofi, wanda na lura shi ne ainihin taron. A nan na ga abin da ya riƙe ta. Wata tsohuwa ta durƙusa tana ɗaure wa ɗan Ladi igiyar takalmi tana kiransa da sunansa. Akwai kwamitin da aikinsa kawai lura da wanda ba shi da lafiya ko aka yi wa rashi. Lokacin da aka yi wa mijinta aiki a gwiwa, sun tsara jadawali a intanet, mako biyu kullum da yamma wani zai ajiye abinci a ƙofa. Ta ce abincin ba gishiri ba yaji, amma ya zo. Layi biyun nan na fom ɗin makaranta, yanzu sunan nas ɗin ne da na wannan tsohuwa. A ajin yara kuma akwai shekarar da ake zagayawa da su masallaci, da majami'ar Yahudawa, da wurin ibadar Hindu, su ga yadda kowa ke yi. Yarinyar ta sami inda za ta ce kakanta Musulmi ne, kakarta Kirista, a ce mata madalla.

Abin da ba a faɗa a bakin ƙofa

In na tsaya nan na yi muku talla ne, ba nazari ba. Shekara uku ke nan tana zuwa, kuma ƙorafinta ya fi nawa yawa.

Na farko, kusan kowa fari ne, mai digiri, mai rufin asiri. Baƙaƙen fata a zauren ba su cika hannu biyu ba. Su kansu sun san da wannan ciwo, har shugabansu na ƙasa, Peter Morales, ya yi murabus a 2017 a kan taƙaddamar yadda ake fifita farare wajen ɗaukar manyan ma'aikata. Sai dai maganin da suke yi wa ciwon yakan gajiyar da wanda ake so a kyautata wa. Ba ta yi wata uku ba aka gayyace ta kwamiti biyu. Ramadan na zuwa aka ce ta fito ta yi bayanin azumi. Ta yi dariya ta ce mini, "Yaya, a can an so in zama tsohuwar Musulma, a nan kuma ana so in zama Musulmar gida." Bambancin dai, da ta ce a'a, an ce to, ba a sake tayar da maganar ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi ba ni sha'awa. Wurin da ake cewa babu aƙida, ashe akwai, ba a kan Allah ba ne kawai. Kana iya miƙewa ka ce babu lahira, a gyaɗa kai. Amma ka nuna shakku a kan wata matsayar siyasa da jama'ar wurin suka yi ittifaƙi a kanta, sai ka ji ɗakin ya yi sanyi. Suna da tarihin gwagwarmaya da suke alfahari da shi, kuma sun cancanta: wani fastonsu, James Reeb, a garin Selma aka kai masa harin da ya yi ajalinsa a 1965 saboda ya je mara wa Martin Luther King baya. Sai dai wani lokaci huɗubar takan koma kamar sharhin jarida. A ƙofar akwai tuta mai launin bakan gizo, kuma tun 1984 babban taronsu ya amince fastocinsu su riƙa haɗa masu jinsi ɗaya a zama irin na aure. Kalmar maraba a bakinsu har da wannan take nufi, kuma ba sa ɓoyewa. Yawancin masu karanta wannan rubutu a nan za su ajiye maganar, ni ma a nan na ajiye tawa. Ladi ta ce ita ta yi jinyar kowane irin mutum, ba ta da ƙarfin yanke wa kowa hukunci, tunda ita ma an yanke mata ta ji yadda yake. Amma ko ita, da aka zo maganar darasin sanin jiki da zaman aure da suke koya wa yara, wanda suka tsara tare da cocin United Church of Christ, ta je taron iyaye, ta duba littattafan, ta ce tata 'yar ba yanzu ba. Sai da sa hannun iyaye ake shiga, don haka ba a yi rigima ba.

Akwai kuma kuɗi. Ba a maganar zakka ko baiko da sunan umarnin Allah, amma duk shekara za a aiko maka da takarda ka rubuta abin da za ka bayar, don da shi ake biyan fasto, wanda mambobi ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Da bazara kuma harka takan yi sanyi, fasto ya tafi hutu, ajin yara ya tsaya. Kamar Allah ma yana hutun dogon zango, in ji mijinta.

Babban abin shi ne tambayar yarinyar. Ta kai ta ajinsu: ina Kaka ta tafi? Malamar ta zaunar da ita ta ce wasu sun yi imani da Aljanna, wasu sun ce ana dawowa, wasu sun ce mutum yana rayuwa ne a zukatan masu ƙaunarsa, ke me kike gani? Yarinyar ta dawo gida ta ce wa uwar, ni ba abin da nake gani na tambaya ba, inda take na tambaya. Wannan tsarin nasu ne tun daga tushe. In yaro ya kai shekara goma sha uku zuwa sha huɗu, akan haɗa shi da wani babba su yi shekara suna tattaunawa, a ƙarshe ya tsaya gaban jama'a ya karanta abin da shi ya yi imani da shi, ko mene ne. Ga babban da ya gudo daga inda aka matsa masa, wannan iska ce mai daɗi. Ga yaron da bai taɓa samun abin da zai riƙe ba, ban tabbata ba. Ba a banza ba su kansu suke kukan cewa yaran da suka taso a cikinsu ba su cika zama ba in sun girma. A ƙarshe Ladi ce ta amsa da kanta. Ta ce wa 'yar Kaka tana wurin Allah, kuma Allah ya fi kowa sanin irin matar da ta kasance. Wannan amsa ba daga UU ta samo ta ba, daga Barnawa ta taho da ita.

Ra'ayina, tunda na sa baki: ban ɗauki wurin nan a matsayin addini ba, kuma na gaya mata. Unguwa ce da ake buɗewa ranar Lahadi da ƙarfe goma. Amma ba zan zarge ta ba. Mu da muke da amsar tambayar 'yarta, mu ne muka fara da bincikar takardar aurenta. Su da ba su da amsar, su suka ɗaure wa ɗanta takalmi. Na sha tunanin da matar liman ta jinkirta nasiharta wata shida, ta fara da zuwa gaisuwa da kwanon abinci, da wataƙila wani labarin nake rubutawa.

Inda maganar take yanzu

Tana zuwa sau biyu ko uku a wata. Ba ta sa hannu a littafin mambobi ba, ta ce hannunta ya ƙi. Da azumi takan kawo yaran wurina mu sha ruwa tare, yarinyar ta iya Fatiha da Ƙulhuwallahu, kakanta ne ya koya mata ta waya. Mijin, wanda aka yi zaton shi zai fi jin daɗin wurin, shi ne ya fi kowa ƙiwar tashi.

Bara tsohuwar nan mai ɗaure takalmi ta rasa mijinta. Ladi ta zaci za a yi jana'iza cikin kwana biyu ko uku. Sai aka ce an ƙona gawar, taron kuma sai bayan mako biyar, in 'ya'yan sun sami hutu. Ta je. Ga hotunansa a allo, ga tokarsa a wani ɗan tulu kusa da furanni, abokai suna fitowa suna ba da labaransa ana dariya, aka rufe da waƙar da yake so. Ta ce an mutunta shi ƙwarai, ba ta ga abin zargi ba. Amma ta fito jikinta a sanyaye.

Da Babbar Sallah ta zo gidana. Muna kicin muna yanka albasa, yara suna waje wurin masu gashi, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yaya, in na riga ki, wa zai yi mini wanka?"

Na ce ta bar wannan magana, yau Sallah.

Ta ce ta riga ta rubuta a takarda ta ba mijinta, kada a ƙona ta, kada a ajiye ta mako biyar, a sa ta a ƙasa da wuri. Abin da ta kasa cikewa shi ne wanda zai tsaya a kanta, da abin da zai karanta. Ta ce ta bar layin ba komai tukuna, ta miƙo mini tiren albasar ta ce ko ya isa haka.